Shagon da muka kai bindigogin Baba maƙwabcina, ga abin da na gani

Tun watan jiya nake son in rubuta wannan abin amma aiki bai bari ba, yau dai na samu sarari. Maganar wani shagon bindigogi ce da ke can gefen garin da nake zaune a jihar Ontario ta Kanada, shago ne ɗan madaidaici, gaba kanta, baya kuma wajen maƙeri inda ake gyara da walda. Ni ba ni da bindiga, ba ni da lasisi, kuma ban taɓa sha'awar mallakarta ba, duk wanda ya san abin da bindiga ta yi wa ƙauyukanmu a gida zai gane dalili. Rakiya ce ta kai ni. Sau huɗu na je cikin wata uku, saboda haka ina ganin na ga abin da ya isa in yi magana a kan yadda suke aiki.

Maƙwabcina wani dattijo ne Bature, ya haura tamanin, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya kuma tana wani gari mai nisa. Baba nake ce masa, tun yana tambayar ma'anar kalmar har ya saba, yanzu in na kira shi da sunansa ma sai ya ce yau kuma laifin me ya yi. Ni nake kwashe masa dusar ƙanƙara a ƙofar gida, shi kuma lokacin da muka zo sabbi shi ya nuna mana komai na unguwar, har ranar fitar da shara da yadda ake raba ta. Idonsa ya yi rauni ya daina tuƙi, to wata rana da yamma ya ce min yana da wata buƙata amma in na ƙi ba zai ji haushi ba, yana so in kai shi shagon bindiga da wasu kaya. Gaskiya gabana ya faɗi. Sai ya zaunar da ni ya ɗauko takardu ya yi min bayani dalla dalla, a ranar na fara jin kalmar da masu irin bindigoginsa suke kiran kansu da ita, wato 'yan sha biyu da shida.

Bari in ɗan warware wannan don in ba a gane shi ba ba za a gane aikin shagon ba. A 1995 gwamnatin Jean Chrétien ta kawo dokar bindigogi, bayan shekaru ana ta muhawara tun kisan da aka yi wa mata 14 a makarantar Polytechnique ta Montreal ranar 6 ga Disamba 1989. Cikin abin da dokar ta yi har da haramta wasu ƙananan bindigogin hannu, duk wadda tsawon bututunta bai wuce milimita 105 ba, da kuma masu cin harsashi mai lambar kauri .25 ko .32, sai dai wasu 'yan kaɗan na gasar harbi da aka cire. Hujjar ita ce suna da sauƙin ɓoyewa a aljihu. To amma mutane da yawa sun riga sun mallake su da rajistarsu, don a Kanada tun 1934 ake yi wa bindigar hannu rajista, sai aka ce wanda doka ta tarar da ita a hannunsa da rajista ya ci gaba da riƙewa, a ƙarƙashin sashe na 12(6), daga nan sunan 'yan sha biyu da shida ya samo asali. Ranar da ake dubawa ita ce 1 ga Disamba 1998. In kana ciki kana ciki, in ba ka ciki shikenan ƙofa ta rufe, ba kuɗi ba jarrabawa da za ta shigar da kai. Kuma sharaɗin shi ne ka ci gaba da riƙe aƙalla guda ɗaya ba yankewa, ranar da ka rabu da ta ƙarshe ka fita kenan har abada.

Ka ga ai lissafin a fili yake. Sai mai shekara 18 yake yin rajista, kenan mafi ƙanƙantarsu wajen 1980 aka haife shi, kuma irin waɗannan 'yan tsiraru ne, yawancinsu tun a lokacin magidanta ne masu iyali. Ƙungiya ce da kullum raguwa take yi, babu mai shigowa sai masu fita. Shekara da shekaru a tsakaninsu kawai suke saye da sayarwa, shi ya sa kayan suka yi arha, Baba yace akwai lokacin da za ka ga bindiga mai tarihi wadda a Amurka ake rububinta amma a nan ana neman mai ɗauka an rasa, saboda masu izinin saye ba su da yawa kuma kowa akwatinsa ya cika. Daga baya kuma gwamnatin Justin Trudeau ta dakatar da saye da sayarwa da kyautar bindigar hannu tsakanin ɗaiɗaikun mutane gaba ɗaya daga 21 ga Oktoba 2022, sannan dokar C-21 ta tabbatar da hakan a Disamba 2023. Daga nan ko a junansu ma ba sa iya miƙa wa juna.

Wannan na ƙarshen shi ya fi yi wa Baba ciwo. Cikin bindigoginsa guda shida akwai wata Luger ta sojan Jamus da mahaifinsa ya dawo da ita daga Yaƙin Duniya na Biyu, yana cikin sojojin Kanada da suka 'yanto ƙasar Holan a 1945. Bututunta milimita 100 ne, kaga 'yan milimita kaɗan ne suka jefa ta cikin haramtattu. Dokar 1995 ɗin ta bar wata 'yar kafa a sashe na 12(7), in an ƙera bindigar kafin 1946 ana iya barin ta ga mata ko miji ko ɗan'uwa ko ɗa ko jika mai lasisi. 'Yar Baba har ta yi kwas ɗin ta samu lasisinta don wannan bindigar kaɗai, sai aka yi ta cewa sai an haɗu hutun ƙarshen shekara a cike takardu, ana ta jan ƙafa har dakatarwar ta zo ta rufe hanyar. Yana ba ni labarin yana murza hularsa a hannu, yace laifinsa ne, shi ya yi nawa.

To shi ne dalilin zuwa shagon. Yana so ya warware komai da ransa da hankalinsa, kada ya bar wa yarinyar nan wahala ranar da ba ya nan.

Abu na farko da ya burge ni tun kafin mu taka ƙafa wajen ne. Da Baba ya kira su, matar da ke kanta, wadda daga baya na gane ita da mijinta ne masu shagon, ta ce kada ya kuskura ya ɗauko komai tukuna. Ta ce ya fara karanto mata abin da ke kan takardun rajista ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar lasisinsa bai ƙare ba, don duk shekara biyar ake sabuntawa kuma tsofaffi da yawa suna mantawa, sannan ta gaya masa sai ya nemi takardar izinin ɗauka daga ofishin babban jami'in bindigogi na jiha, saboda izinin da yake da shi na zuwa filin harbi ne bai haɗa da zuwa wajen maƙeri ba. Har ta tambaya waye zai tuƙo shi, da ya ce maƙwabcinsa ne marar lasisi sai ta ce a ba ni wayar. Ta yi min bayani a nutse, cewa ba matsala in tuƙa muddin shi yana cikin motar da takardunsa, bindigogin ba harsashi a ciki, an sa wa kunamar kowace kwaɗo, an kulle su a akwatin da ba a ganin cikinsa, kuma mu taho kai tsaye ba tsayawa shan kofi ko sayayya a hanya. Ta ce ni kuma kada in ɗauki akwatin ko da niyyar taimako ce, shi zai ɗauka, in ya yi masa nauyi su za su fito su karɓa a bakin mota. Wallahi wannan maganar ta kwantar min da hankali sosai, don ni baƙo ne a ƙasar mutane, ba na son abin da zai haɗa ni da hukuma.

Ranar farko Asabar ce da safe. Muna shiga sai ga wasu dattawa biyar ko shida zaune a wani lungu kusa da hita, kujerun ma ba iri ɗaya ba ne, kowa da kofinsa na shagon kofi na Tim Hortons, ɗaya da sandar dogarawa ɗaya da na'urar ji a kunne. Ashe duk Asabar nan suke haɗuwa tun shekaru, kuma ba sayen komai suke yi ba, masu shagon sun bar musu wajen ne kawai. Suna ganin Baba suka ɗau shewa, ashe ya fi shekara bai leƙo ba. Aka fara lissafin waye ya rasu, waye aka kai gidan kula da tsofaffi, waye matarsa ta kira 'yan sanda suka kwashe kayansa aka narkar. Wannan na ƙarshen da aka faɗa sai wajen ya yi tsit na ɗan lokaci. Ni dai ina tsaye gefe, sai ɗayansu ya jawo min kujera ya ce in zauna, ya tambaye ni daga ina nake, da nace Najeriya sai ya shiga tambayata zafin rana da abinci, mutanen kirki ne gaskiya.

Mai shagon ya shimfiɗa wani koren ƙyalle a kan kanta, ya sa safar hannu fara, sannan ya ce Baba ya buɗe akwatin da kansa. Kowace ya ɗauko sai ya fara duba cikinta ya tabbatar ba komai duk da ya san ba komai, ya nuna wa Baba shi ma ya gani, sannan ya haɗa lambar jikinta da ta takarda. Akwai Walther PPK, akwai Colt ta 1903 mai santsin jiki, su biyun .32 ne, akwai wata 'yar mitsitsiya Baby Browning .25 da ba ta cika tafin hannu ba, sai libarba biyu, wato masu gidan harsashi mai juyawa, na Smith & Wesson masu bututu inci huɗu. Waɗannan libarban su suka fi ba ni mamaki, don ba ƙanana ba ne ko kaɗan, irin na ɗamarar 'yan sandan da ne, amma inci huɗu milimita 101.6 ne, kenan sun gaza da kaɗan, shi ya sa suka faɗa ciki. Mai shagon yace kafin dakatarwar aikin da ya fi yi kenan, a cire gajeren bututu a sa mai milimita 106 ko fiye, sai bindigar ta sauka daga haramtacciya zuwa wadda aka yarda a mallaka bisa sharuɗɗa, a iya sayar wa matasa masu lasisi. Yanzu wannan aikin ya mutu tunda ko an canza ba wanda za a miƙa wa.

Da aka zo kan Luger ɗin sai ya rage sauri. Ya kunna wata fitila mai madubin ƙara girma, ya juya ta a hankali, ya nuna mana cewa lambobi biyun ƙarshe na lambarta an buga su a kan ƙananan sassanta kusan duka kuma duk sun dace da juna, ma'ana ba a taɓa yi mata haɗe haɗe ba, yadda ta fito daga masana'anta haka take. Katakon mariƙinta ya yi duhu ya sha hannu, gefe ɗaya akwai 'yar ɓantara. Baba yace ranar da yana yaro ya ɗauke ta a ɓoye ya yar a kan siminti ne, mahaifinsa bai dake shi ba, sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin yunwar da ya gani a Holan a hunturun ƙarshen yaƙin, mutane har suna cin saiwar furen tulip mai kama da albasa, kuma wannan ne karo ɗaya tak da ya taɓa yi masa maganar yaƙin. Mai shagon bai katse shi ba. Akwai kwastoma biyu a bayanmu suna jira, matar ta zagaya ta sallame su ta ɗaya gefen, shi kuwa ya tsaya yana saurare har Baba ya gama. A nan na yarda da mutumin.

Sai kuma ya faɗa masa gaskiya ba kwana kwana. Yace hanyoyin da suka rage ba su da yawa. Ko a sayar wa shago mai lasisin riƙe irin waɗannan, ko a bai wa gidan tarihi in sun yarda sun karɓa, ko a fitar waje ta hannun kamfani mai izini, ko a kashe bindigar ta zama ƙarfe kawai, ko a miƙa wa 'yan sanda su lalata. Ko kuma ya ci gaba da riƙewa har ƙarshen ransa, amma daga nan mai kula da wasiyyarsa ne zai zo ya tsaya a wannan kantar yana wannan zaɓin a madadinsa, cikin jimami kuma ba tare da ya san darajar ko ɗaya ba. Baba ya tambaya ko ba wata dabara da za a yi 'yar ta samu Luger ɗin tana aiki. Mutumin ya girgiza kai yace babu, kuma duk wanda ya ce maka akwai yana so ya jefa 'yarka cikin masifa ne, lasisina da naka da nata duk za su tafi. Na ji daɗin wannan amsar duk da na ga yadda ta soki Baba.

Maganar fitarwa waje ma ya yi mana bayanin da ban sani ba. Kowa tunaninsa Amurka ce kasuwa tunda ga ta nan kusa, amma tun dokarsu ta 1968 ba sa barin a shigo da ƙananan bindigogin aljihu daga waje, ita PPK ma saboda wannan dokar ne kamfanin ya fito da wata mai ɗan girma don kasuwar can. Kenan 'yan ƙananan nan ba hanya. Waɗanda za su iya wucewa kuma sai an nemi izinin fitarwa a nan, an nemi na shigarwa a can, ga kuɗin dillali ga na jigila, wani lokacin abin da zai rage maka bai kai wahalar ba. Ya ɗauki biro ya yi masa lissafin kowace a bayan wata takarda.

A nan zan faɗi abin da bai min ba na farko. Wannan lissafin bayan takarda shi ne kawai abin da muka fita da shi ranar, ba rasit, ba rubutaccen farashin aiki a kan takardar shago. An ba mu takardar shaidar sun karɓi kayan, wannan kam an yi, amma kuɗin aiki da tayin saye duk da baki ne. Ga mutum mai shekara tamanin da wani abu wanda da yamma zai manta rabin abin da aka ce, hakan bai dace ba. Sai da na kira ranar Litinin na roƙa a turo ta imel don 'yarsa ta gani, kuma sai da aka kwana biyar sannan ta iso. Wayar tasu ma matsala ce, mutum biyu ne ke riƙe da shagon, in yana baya yana walda ita tana tare da kwastoma to sai dai ta yi ta ringin. Na bar saƙo sau biyu ba a kira ni ba.

Na biyu shi ne tayin. Kuɗin da suka ce za su sayi Colt ɗin da Baby Browning da libarba ɗaya ya yi ƙasa ƙwarai, Baba ya ji sai ya yi shiru. Na fahimci dalili, su ma ba su da wanda za su sayar wa sai wani shagon ko masu ba da hayar kaya ga 'yan fim ko a ciri sassa, kuma ba su ɓoye hakan ba, matar ma ta ba shi sunan wasu shaguna biyu ta ce ya tambaya ko za su fi su. Ya tambaya, ɗaya bai ma karɓa, ɗayan kuma tayinsa kusan ɗaya ne. To ba zan ce cuta ba ce. Amma ko da ka san dalili, ganin abin da mutum ya share shekara hamsin yana gogewa yana shafa wa mai an yi masa kuɗin cefanen sati biyu, abin yana taɓa zuciya.

Na uku ƙarami ne amma ba ƙarami ba ne ga irin kwastomominsu. Matakala uku ce a ƙofar shiga, ba gangara, ƙarfen riƙewa gefe ɗaya kawai, ranar zuwanmu na biyu ƙanƙara ta daskare a kai ba a watsa gishiri ba. Shagon da rabin masu zuwansa da sanda suke tafiya ya kamata a ce wannan ne abin da aka fara gyarawa. Na faɗa wa matar, ta ba da haƙuri ta fito da gishirin nan take, amma gangarar har zuwanmu na ƙarshe babu.

Baba ya yi sati biyu yana tunani kafin ya yanke shawara a kan Luger ɗin. Gidan tarihi ya so da farko, mai shagon har ya tuntuɓi wani ƙaramin gidan tarihin soja a madadinsa ba tare da ya caje shi ko sisi ba, suka ce suna da irinta fiye da ɗaya, in sun karɓa ma a ɗakin ajiya za ta zauna ba wanda zai gani. 'Yar kuma ta kira tana kuka ta ce ita ba harbi take so ba, abin da kakanta ya riƙe take so ta riƙe. Sai aka tsaya a kan kashewa. In aka yi aikin bisa ƙa'idar da 'yan sandan tarayya suka shimfiɗa, aka tabbatar, sai a cire ta daga rajista, ta daina zama bindiga a idon doka, kowa zai iya ajiye ta a gida ba lasisi. Amma ba a komawa baya, an toshe an toshe kenan, kuma darajarta a wajen masu tarawa ta faɗi warwas. Mai shagon ya maimaita masa wannan har sau uku a ranaku daban daban kafin ya taɓa ta, yace shi kansa ba ya son yin aikin a kan irin wannan, amma in za a yi gara shi ya yi da hannunsa da a kai inda za a yi mata ɗanyen aiki.

Kuma aikin ya yi kyau, nan kam ba abin cewa. Ranar da muka je karɓa na zata zan ga tabon walda baƙi ƙirin a jikinta, sai na ga daga waje kamar ba a taɓa ta ba, duk abin da za a iya ɓoyewa ya ɓoye shi a ciki, sai ka leƙa bakin bututun sannan za ka ga a toshe yake. Launin ƙarfen bai ƙone ba, ɓantarar nan ta mariƙi tana nan yadda take don Baba ya ce kada a gyara. Ya sa ta cikin wani ƙaramin akwatin katako mai gilashi, ya haɗa da kwafin takardar da ke nuna an kashe ta, yace a ajiye su tare kullum saboda ranar da wani zai gani ya tsorata ya kira hukuma. A ranar ne karo na farko da aka ce ni ma zan iya taɓawa. Ta fi yadda na zata nauyi, ga sanyi. Baba ya karɓa ya kai yatsunsa kan wancan ƙarfen na sama da ake ja yana lanƙwashewa kamar gwiwa, ya ja, bai motsa ba. Ya sake ja a hankali. Sai ya ajiye ya ce to, madalla, ya nemi kujera. Dattawan lungun nan ba wanda ya ce uffan, ɗaya ne kawai ya tashi ya miƙa masa kofi.

Ni har yanzu ra'ayina a kan bindiga bai canza ba, ƙasar da ta taƙaita bindigar hannu ta yi wa kanta gata, kuma iyayen 'yan matan Montreal ɗin nan suna da haƙƙin a saurare su fiye da kowa. Sai dai waɗannan tsofaffin da na zauna da su mutane ne da suka bi kowace ƙa'ida shekara da shekaru, rajista, kwaɗo, akwatin ƙarfe, sabunta lasisi, neman izini kafin a fita da abu daga gida, kuma ina ganin da an bar musu 'yar kafar nan ta gado ga kayan kafin 1946 da ba a yi asarar komai ba. Ra'ayina ne, wani zai ga akasin haka.

Game da lokaci, duk wanda zai je ya shirya haƙuri. Tsakanin neman izinin ɗauka da jiran a tabbatar da canjin mallaka zuwa sunan shago da jiran layin maƙerin, don ba Baba kaɗai ke kawo irin wannan aikin ba, akwai iyalan mamata da yawa a gabansa, wata uku muka yi. Abin da ya rage nauyin shi ne matar ita ta cike kusan duk fom ɗin, ta zauna kusa da shi tana karanta masa da ƙarfi saboda idonsa, inda za a kira ofis ta kira ta sa a lasifika ya amsa tambayoyin da bakinsa. Ba ta taɓa nuna gajiya ba ko da ya maimaita tambaya ɗaya sau huɗu. Wannan hidimar ba ta cikin lissafin kuɗin, kuma a wajena ita ce rabin darajar shagon.

In tauraro biyar ake bayarwa zan ba su huɗu, ɗayan na riƙe shi ne saboda waya da rashin rubutaccen farashi da matakalar nan. In kana Kanada kana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, na san 'yan uwanmu da yawa wannan aikin suke yi, ko kana da maƙwabci ko suruki mai irin waɗannan kayan, kada ka taɓa, kada ka ɗauka don ka taimaka, ka sa shi ko iyalinsa su kira shago mai lasisin haramtattun bindigogi, don ba kowane shago ne ke da shi ba, a tambaya tun a waya. A duba ranar ƙarewar lasisi tun da wuri. Kuma a nemi komai a rubuce tun ranar farko.

Baba ya sayar musu da guda uku, Luger ɗin tana wajen 'yarsa, ta turo masa hotonta a kan shiryayye kusa da hoton mahaifinsa cikin kakin soja. Libarba ɗaya ya riƙe, yace da ita zai ci gaba da zama ɗan sha biyu da shida, kuma abokinsa mai na'urar ji ya yi alkawarin zai riƙa ɗaukarsa zuwa filin harbi in yanayi ya yi ɗumi. PPK ɗin ce har yanzu tana ajiye a shagon bai yanke ba, ita ce ta farko da ya saya da kuɗin guminsa, mai shagon yace ba gaggawa kuma ba zai caje shi kuɗin ajiya ba. Asabar ta sama zan sake kai shi, ya ce ko bai yanke ba yana so ya je ya zauna da mutanensa.